Hannun Baba a Kan Noti

A garejin da na koyi kanikanci, can Sabon Garin Zariya ta bayan layin dogo, babur ba ya fita sai Baba ya taɓa shi. Ko wane ne ya yi aikin, ko da ya shekara goma yana riƙe da sifana, in ya gama ya goge hannu sai ya koma gefe ya tsaya. Baba zai taso daga kan bencinsa, ya zaro wata tsohuwar sifana daga aljihun baya, irin wadda ake buɗe bakinta a rage, ya bi notunan da aka ɗaure ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara wa kowanne ɗan ja kaɗan. Sannan ya bugi kujerar babur da tafin hannu ya ce, "Allah ya tsare hanya." Sai a lokacin mai babur zai hau. Na sha ganin 'yan acaɓa a zaune suna jiran Baba ya dawo daga kasuwa, ga babur an gama tun tuni, ga fasinjoji na wucewa, amma ba wanda zai motsa.

Baba ba mahaifina ba ne. Maigidana ne a sana'a, Kirista, iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne amma shi a Zariya aka haife shi. Kawuna ne ya kai ni wurinsa bayan rasuwar mahaifina, tun daga ranar kuma "ɗana" yake ce mini. Ranar Juma'a shi ke korar mu masallaci, ya tsare garejin shi kaɗai. Ba mutum ne mai yabo ba, ban taɓa jin ya ce wa wani ya yi ƙoƙari ba. Wannan ja na ƙarshe shi ne yabonsa, shi ne kuma sa albarkarsa. In ya ja notinka ya ji da ƙyar ya motsa, zai dube ka ta gefen ido ya wuce, kai kuma ka wuni kana murna kai kaɗai.

Ni mutum ne mai zuciya a kusa, ba na ɓoyewa. Na yi faɗa da masu babur, na yi da masu sayar da kayan gyara, har da mai shayin bakin gareji na taɓa yi a kan ya zuba mini ruwan zafi ya kira shi shayi. Baba ne kaɗai ban taɓa ɗaga wa murya ba.

Yadda na tsinci kaina a tseren babura na ƙasashen waje, ni ma har yau ina mamaki. A farkon shekarun dubu biyu wani Bature ya ratso hamada a kan wani ƙaton babur, ya zo daidai Kwangila a nan Zariya abin ya mutu masa. Kanikawa suka kewaye shi suna kallo, kowa na tsoron taɓawa. Aka turo shi garejinmu, Baba ya ce ni zan duba. Kwana uku na yi a kansa, Baturen na zaune kan taya yana shan rake yana kallon hannuna. Ashe yana da hannu a wata ƙaramar ƙungiya mai shiga tsere. Bayan shekara guda takardun ɗaukata aiki suka zo. Baba ya juya su a hannu kamar mai karantawa, ya ce, "Je ka ga duniya, ɗana, amma ka dawo ka ba mu labari."

Labarin ne ya yi mini wuyar samu. Mutanen Samaru, inda nake da ɗakin haya, sun ɗauka na ga birane. Abin da na gani shi ne filin jirgi, da bayan wata babbar mota da muke ɗaukar kaya, da rumfar gyara. Kowane mako biyu sabuwar ƙasa, amma rumfar iri ɗaya ce: bango fari, ƙasa mai santsi da za ka iya cin tuwo a kai, ƙofa ta gaba tana kallon titin tsere, ta baya tana kallon inda ake jibge tayu. Ni ɗan ƙofar baya ne. Ina wanke sarƙa, ina naɗe tayu cikin wani bargon lantarki don su yi ɗumi kafin a fita, ina kwance birki in haɗa. In aka fara tsere, dubban mutane na ihu a waje, mu kuwa muna tsaye gaban wani ƙaramin allo muna kallon lambobi suna canzawa. Babur ɗin da na kwana biyu ina shafawa ba na ganinsa yana gudu, sai dai ƙararsa ta wuce ta bayan bango.

Sauran kanikawan ba mugaye ba ne, kada in ɗauki alhakinsu. Yarensu kawai suke yi a tsakaninsu, Turancina kuma na kasuwar Sabon Gari ne, yana isa a sayi fulogi amma ba ya isa a yi hira. In suka yi dariya sai in yi murmushi don kada a ce ina fushi. Abinci kuwa, tsoron naman alade ya sa na koma burodi da dafaffen ƙwai har na tsani kaza. Salla ina yi tsakanin tayu, in shimfiɗa kwali, in yi kirdadon alƙibla. Akwai makon da na lura ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba in ba a addu'a ba. Matuƙin da muke wa aiki saurayi ne siriri, kullum fuskarsa cikin hular kwano. In zai fita yakan ɗaga mana babban yatsa mu duka. Ba na jin ya taɓa sanin daga wace ƙasa nake.

A can ba a ɗaure noti da ƙarfin hannu. Akwai wata sifana mai ma'auni, ka saita ta a kan lambar da aka rubuta wa notin, ka ja a hankali har ta ce ƙas, sai ka tsaya. Daga nan ka ɗiga fenti a kan notin, alamar an gama, ba mai sake taɓawa. Na koya, amma a raina na raina abin. Ina ce wa kaina, waɗannan mutane ba su yarda da hannunsu ba sai ƙarfe ya yi musu magana. Don haka duk notin da na ɗaure, bayan ƙas ɗin, in na ga ba mai kallo, sai in ɗauki sifanar hannu in ƙara masa ɗan ja irin na Baba, in ce a zuciyata Allah ya tsare hanya. Ba wai ina ganin notin bai ɗauru ba ne. Wannan ɗan jan shi ne kaɗai abin gida da ya rage a hannuna a wurin.

Notunansu ba irin namu ba ne. Da wani ƙarfe marar nauyi ake yin su, in ka wuce iyakarsu sai su miƙe ta ciki, ido ba ya gani. Wata Juma'a da safe, ana gwaji kafin ranar tsere, wani noti na birkin gaba ya tsinke a kwana. Na ga lambar matuƙinmu ta tsaya a allo. Yaron ya faɗi, ya ja a ƙasa, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Da aka kawo babur ɗin a mota, babban bakanikenmu, wani dattijo mai furfura, ya zaro guntun notin ya daɗe yana dubawa. Fentina ne a kai, kalar da aka ba ni. Bai yi ihu ba. Ya zo ya ajiye guntun a kan akwatin kayan aikina, ya ɗauki sifana mai ma'auni ya sa mini a hannu, ya naɗe yatsuna a kanta, ya tafi. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Na shiga bayan tayu na yi kuka, ba kuma wanda zan faɗa wa.

Ba su kore ni ba. Amma daga ranar na zama wani mutum a kan noti. In na ɗiga fenti, ko babban bakaniken ne ya matso da sifana sai gabana ya faɗi. Na kai ina tsayawa jikin babur kamar kaza a kan ƙwai har a tura shi waje. Sauran kanikawan suka lura, suka fara tsokanata da hannu, wani ya yi kamar zai taɓa, ni kuma in buge masa hannu, su yi dariya. Wannan ne kaɗai wasan da muka taɓa yi tare.

Sai bayan kakar tsere ta biyu na samu zuwa gida hutu. Na sauka Samaru, na share ɗakina, washegari na tayar da tsohon babur ɗina na bi ta Palladan, Hanwa, Kwangila, ina shaƙar hayaƙin motoci kamar turare. Da na shiga gareji aka yi ta ihu, wani na ja mini riga, wani na cewa na yi fari, wani na tambaya ina tsaraba. Baba bai tashi ba. Ya matsa mini wuri a benci ya ce, "Ɗana, ka rame. Ba su da tuwo ne a can?" Na zauna kusa da shi ina jin warin baƙin mai da giris, na ji wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjina ya saki. Shekara biyu ban zauna kusa da wanda ya san ni ba.

Ban iya zaman banza ba, cikin kwana uku na koma aiki. Na zo da sifana mai ma'auni tawa, abokan aiki suka yi ta yi mata ba'a. Wani ya ce sifanar Turawa ma gulma take yi, tana aiki tana magana. Baba ya karɓa ya juya ta, ya mayar mini.

A mako na biyu wani ɗan acaɓa daga Bomo, tsohon abokin cinikin Baba, ya kawo babur ɗinsa inji na hayaƙi. Na sauke injin, na canza abin da ya kamata, na haɗa. Na ɗaure notunan kan injin da ma'auni, ɗaya bayan ɗaya, har na ɗiga musu fenti saboda sabo. Na gyara masa birkin gaba ma, na ɗiga wa notinsa fenti. Na miƙe ina goge hannu, ina hira da mai babur, na juya baya. Rana ta take, gareji cike da mutane, akwai masu jira wajen shida a benci. Da na waiwayo sai na ga hannu riƙe da sifana a kan notin birki, a kan fentina.

Ban ga Baba ba, na rantse, hannu kawai na gani. Na yi tsalle na kama wuyan hannun na fizge, na daka tsawa, "Kar ka taɓa! Wa ya ce ka taɓa?"

Sifanar ta faɗi ƙasa. Har mai buga ƙarfe a can gefe ya tsaya. Wani Inyamiri mai shagon kayan gyara ya leƙo ya ce da Turancin kasuwa, "Wetin happen?" Ni kuwa ina tsaye riƙe da hannun mutumin da ya koya mini yadda ake riƙe sifana. Sai a lokacin na ji yadda hannun ya tsufa, ƙashi ne kawai da fata. Na saki.

Baba ya sunkuya da kansa ya ɗauki sifanarsa, ya goge ta a jikin wando, ya mayar aljihu. Ya dubi mai babur ya ce, "Hau abin ka. Injiniya ya gama mishi aiki."

Mutumin Bomo ya tsaya yana kallonmu. Ya ce, "Baba, ba ka sa hannu ba."

"Wannan aikin ya fi hannu na," in ji Baba, ya koma benci.

Mutumin ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar, kamar mai tsoron hawansa. Na durƙusa gaban Baba a take na ce ya yi mini afuwa. Ya ce, "Ba komai, tashi, mutane na kallo." Duk wanda ya tashi a hannun manya ya san akwai ba komai da ke nufin an wuce wurin, akwai kuma wadda ke nufin an rufe ƙofa. Na san wadda aka ba ni.

Daga ranar sunana ya koma Injiniya. Ba da gatse yake faɗa ba, da ma da gatse ne da na samu abin kamawa. Da girmamawa yake faɗa, irin yadda yake kiran malaman jami'a in sun kawo babur. Yana gaishe ni, yana ba ni aiki, har manyan ayyuka yake ture mini. Amma in na gama, ba ya tashi. Ina gani zai bi aikin na kusa da ni, ya ja notuna, ya bugi kujera, ya yi addu'a, ya zo daidai nawa ya kewaye. Sauran kanikawa suka rage wasa da ni. Ba su ce komai ba, amma in na iso wurin mai shayi sai hira ta canza. Masu babur suka fara cewa a ba wani aikinsu, ko da zai ɗauki lokaci. Da yamma in hau babur in koma Samaru, in zauna a ƙofar ɗaki ina kallon ɗalibai na wucewa rukuni rukuni suna surutu. A ƙasar Turawa ina da uzuri, ba na jin yarensu. A nan kowa Hausa yake yi, kuma duk da haka ni kaɗai nake.

Ran Lahadi na jira aka taso daga coci na je gidansa a Palladan. Matarsa ta kawo mini fate, ta yi ta mini faɗan rashin aure kamar yadda ta saba, alamar bai gaya mata ba. Da ta shiga ciki na ce, "Baba, ina so in faɗa maka dalili." Na ba shi labarin notin birki, da ɗan jan da nake ƙarawa a ɓoye, da yaron da ya faɗi a kwana. Na ɗauka in ya ji zai gane ba raini ba ne, tsoro ne. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Wannan jan da ka ƙara, a wuri na ka koya?"

Na ce, "Ni na yi kuskure, Baba, ƙarfensu daban ne."

"Ashe hannu na ya kai har can," ya faɗa a hankali. Sannan ya ce, "Yaron ya warke?"

Na ce ya warke, har ya koma tsere.

"To, mun gode Allah. Ci abincin ka kar ya huce."

Na fito daga gidan. Na je in ɗinke ɓaraka, na ƙara yage ta. Dā abin da ke tsakaninmu tsawa ce da na yi masa a gaban mutane. Yanzu na ɗora masa kafaɗar wani yaro da bai taɓa gani ba. Na ji haushin kaina, na ji haushin bakina, har haushinsa na ji don ya ƙi yin fushi irin wanda ake yi a gama.

Hutu ya zo ƙarewa. Ana jibi zan tafi, na kawo babur ɗina gareji don a nan zan bar shi. Na canza masa mai, na wanke shi, na gyara sarƙa. Ban fito da sifana mai ma'auni ba, na bar ta a Samaru da gangan. Sannan na yi wata dabara irin ta yara, ina jin kunyar faɗarta har yanzu. Na sassauta notin da ke riƙe da murfin tayar baya, wanda ko ya faɗi ba zai cutar da kowa ba, na bar shi yana rawa yadda ko makaho zai gane. Na goge hannu, na koma gefe na tsaya kamar yadda nake yi tun ina sabon shiga.

Na ce, "Baba, na gama. A duba mini."

A gareji kowa ya yi kamar yana aiki. Baba ya dube ni ya daɗe. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya kewaya babur ɗin a hankali, hannayensa a baya. Da ya zo tayar baya ya tsaya, ya sunkuya, ya sa yatsa ya juya notin, ya ga yana yawo. Na san ya gane, mutumin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa ba zai kasa gane wannan ba. Ya kai hannu aljihun baya ya zaro sifanar, ya daidaita bakinta daidai girman notin.

Sai ya juya ta, ya miƙo mini ta wajen mariƙi.

"Injiniya, ka manta wannan," ya ce. "Ɗaure abin ka. Kai ka san iyakan shi."

Na karɓa. Sifanar na da ɗumin jikinsa. Na durƙusa na ɗaure notin da kaina, idanuna sun cika ban ma ga abin da nake yi sosai ba. Na miƙa masa, ya mayar aljihu, ya koma benci ya kira wani ɗan acaɓa ya tambaye shi me ke damun babur ɗinsa.

Shekara huɗu na ƙara yi a tsere. Kowane hutu ina dawowa, ina aiki a garejin, yana matsa mini wuri a benci, yana tambayata lafiyar hanya. Har ƙarfinsa ya ƙare ya daina fitowa, Baba bai sake sa hannu a aikina ba.